Yadda na raba ɗiyata da fargabar gasar lissafi

Da aka zaɓi ɗiyata, 'yar ajin CM2 (ajin ƙarshe na firamare) a nan Tahoua, ta shiga gasar lissafi, ciwon ciki ya zama na kowace safiya. Lissafin ta iya shi, agogon da ake ƙayyade lokacin amsawa da shi ne ke ruɗa ta.

Sai na ɓoye agogon, na kai karatun kasuwa. Yaranmu suna riɓanyawa da 5 ba su sani ba, tunda da dala muke ciniki: dala 20 sefa 100 ce, jikka ɗaya dala 200, wato sefa 1000. Nakan aike ta sayen albasa, in ce ta lissafa canji kafin mai tebur ya ƙirga.

Bayan la'asar, in rana ta yi sanyi, minti 20 kawai muke yi a allo. Na nuna mata haɗa 1 zuwa 100: 1 da 100, 2 da 99, kowane 101, sau 50, 5050 ke nan. Ta fashe da dariya: "Baba, ashe wayo ne!"

Yayyenta kuwa na hana su tambayarta ta nawa za ta zo. A makon ƙarshe na fito da agogon, amma ita ke riƙe da shi, ni ke amsawa, tana gyara mini. Ciwon cikin ya bari.