Yadda ake gane carbin rudraksha na gaske da na jabu

Duk mai kallon finafinan Indiya ya san carbin nan mai ƙwallaye ja-ja-ja masu kaushi da masu zuhudun Hindu ke ratayawa a wuya ko su naɗe a hannu. Sunansa rudraksha. Ƙwallon ɗan wata bishiya ce da masana tsirrai ke kira Elaeocarpus ganitrus, wadda ta fi yawa a gabashin Nefal, da gindin tsaunukan Himalaya a Indiya, da tsibirin Jawa na Indonesiya. Ɗan itacen shuɗi ne idan ya nuna, sai a sale ɓawon a wanke ƙwallon. Mabiya Shiba, ɗaya daga cikin manyan abubuwan bautar Hindu, suna girmama shi ƙwarai, suna jan addu'o'insu da shi. A kasuwannin Haridwar, Rishikesh da Baranasi na Indiya, da bakin wurin bautar Pashupatinath a Katmandu, babban birnin Nefal, tsibi-tsibi ake kasa shi, kuma a cikin tsibin nan akwai algus.

Kafin ka taɓa ƙwallon, tambayi fuska nawa gare shi. Kowane ƙwallo yana da tsagogi da suka taso daga ramin sama suka gangara ramin ƙasa, su ake kira mukhi, kuma da yawansu ake yanka kuɗi. Mai fuska 5 shi ya fi yawa nesa ba kusa ba, araha ne, don haka da wuya wani ya ɓata lokacinsa wajen sassaƙa shi. Cutar tana wajen waɗanda ba a cika samu ba: mai fuska 1, da masu 14 zuwa 21. Idan aka ce ga ɗaya daga cikin waɗannan kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, an riga an ba ka amsa.

Mataki na biyu shi ne na ido, kuma nan ya kamata ka daɗe. Nemi madubin ƙara girma irin na masu gyaran agogo, ka fita da ƙwallon cikin hasken rana. Bi kowace tsaga tun daga sama har ƙasa. Ta gaskiya ba ta miƙewa sar, tana ɗan karkacewa, zurfinta yana sauyawa, kuma tudun da ke gefenta biyu a dunƙule yake kamar yadda ya tofo. Wadda aka ƙara da wuƙa ko zarto takan fito tsaf, bakinta da kaifi, cikinta sumul, sau da yawa ma launin cikinta ya fi na sauran haske, ko kuma an cusa mata rini don a ɓoye. Duba kuma tazarar da ke tsakanin tsagogin. Mai fuska 5 da aka mayar mai 10, za ka ga rabin layukan sun yi zurfi, rabi kuwa karce ne a bayan tudu.

Ga mai fuska 1 dabarar ta juya: cike tsagogi huɗu ake yi da gam da garin katako, a bar guda. Nemi wurin da kaushin ya ɓace ko ya yi ƙyalli. Mai siffar jinjirin wata da ake sayarwa da sunan fuska 1 kuwa, daga wata bishiyar yake, 'yar'uwarta da ke kudancin Indiya. Ba roba ba ne, amma ba shi ne zagayayyen mai fuska 1 na ainihi da ake ta labari ba, kada a caje ka kuɗin wancan.

Akwai kuma tagwaye, ƙwallaye biyu da suka tofo a manne, ana ce musu Gauri Shankar. A na gaske kaushin yana zarcewa daga wannan zuwa wancan babu yankewa. A na haɗi za ka ga layi siriri a mahaɗar, wani lokacin da ɗigon gam. Haka nan duk ƙwallon da ka ga hoton maciji ko mashi mai baki uku ya fito raɗau a jikinsa, hannun masassaƙi ne.

Na uku, jera ƙwallayen carbin a tafin hannu. Cikakken carbi 108 ne, da ƙari guda a kai inda zaren ya haɗu. Idan duk suka yi kama ɗaya sak, har da wani zare-zaren layi da ya zagaye kowanne, zubin roba ne. Wasu kuma ƙwallon magarya suke rinawa su haɗa. Ƙanƙanta kaɗai ba shaida ba ce: na Indonesiya ƙanana ne masu tsaga marar zurfi, na Nefal su ne manya masu kaushi sosai.

Mai kaya zai so ya nuna maka gwajin ruwa, wai na gaske nutsewa yake yi. Kada ka dogara da shi. Ƙwallon gaske da ya bushe ƙayau yana iya tasowa sama, na katako da aka ɗura wa dalma kuwa ya nutse har ƙasa. Gwajin sanya shi tsakanin kwabban tagulla biyu a ga ko zai juya, shi ma wasa ne, matsin yatsa ke juya shi. Wanda ke da ɗan amfani shi ne jiƙawa a ruwan zafi, domin yakan kwance gam ya fitar da rini. Sai dai ɗan launi kaɗan ba laifi ba ne, tunda ana shafa wa na gaske mai ko rini don ya yi duhu, kuma babu mai shagon da zai yarda ka dafa masa kaya kafin ka biya.

Idan kuɗin da yawa, sai a je ga hoton eksire irin na asibiti. A cikin ƙwallon akwai ɗakuna, kowace fuska da nata, galibi da ƙwayar iri a ciki. Wuƙa tana iya ƙara layi a waje, amma ba ta iya ƙara ɗaki a ciki. Layi 12 a waje, ɗaki 5 a hoto, magana ta ƙare. A masu fuska da yawa ɗakunan kan hau juna a hoton, shi ya sa ake komawa ga sikanin CT, wato hoton asibiti da ke nuna cikin abu yanki-yanki. Takardar shaida da mai shago ya buga da kansa kuwa ba ta wadatar ba. Ka nemi ta ɗakin gwajin da ba nasa ba, ka tabbata hoton da ke jikinta, da nauyi da girman da aka rubuta, na wannan ƙwallon ne da ke hannunka.