Ki gyara firiza kafin ki sayi sola

Shekara goma sha biyu ke nan ina sayar da sobolo (zobo) da burkina (nono da gero) a unguwar Nima, a Accra. A shekarun dumso, wato yawan ɗauke wuta a Gana, wajen 2014 zuwa 2015, na zubar da nonon da ya lalace har ban san iyaka ba. Sau ɗaya na yi kuka a gaban bokiti. Don haka 'yar'uwa, in na ce ki lura da wutarki, ba daga takarda na karanto ba.

Kuskuren da mata da yawa ke yi shi ne su ruga sayen sola alhali firizarsu tana shan wuta kamar raƙumi a bakin rijiya. Fara da ita. Ki sa takarda a bakin murfin ki rufe, sannan ki ja. In ta zare cikin sauƙi, robar ta mutu, sanyi na gudu dare da rana, mita kuma na ci. Sai ki canja robar. Ki janye firizar daga bango kamar tsawon tafin hannu, ki kankare ƙanƙarar da ta taru a ciki, kuma don Allah kada ki zuba sobolo da zafinsa. Bari ya huce a baho.

In sabuwa za ki saya, ki duba takardar nan mai ruwan ɗorawa da taurari da ke manne a jiki. Yawan taurari, ƙarancin shan wuta. Tun 2013 Gana ta hana shigo da tsofaffin firji na gwanjo, kuma ni na ga gaskiyar hakan: araharsu ranar saye ce kawai, duk wata sai kin biya bashinta a mita.

Ƙwan fitila ma haka. Guda biyar masu wat 60, awa shida, wat-awa 1,800 ke nan a dare ɗaya. Masu LED na wat 9 kuwa, 270.

Sai yanzu maganar sola. Da kin rage shan wuta, farantan sola kaɗan da ƙaramin batir sun ishe ki. Ki ce wa mai haɗawa ya fuskantar da farantan kudu, ya ɗan karkata su don ruwan sama ya wanke. Ki nuna masa firizar da idonsa, domin lokacin tashi tana jan wuta ninkin abin da take ci tana aiki, ƙaramar inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir ta zama irin ta gida, ba za ta ɗauka ba.

Dabarar da na fi so: da rana, sa'ad da faranti ke kawo wuta kyauta, nakan jera kwalaben ruwa a ƙasan firiza su daskare. Da dare in kashe ta, ƙanƙarar ta riƙe mini kaya har asuba, batir ya samu hutu.

Maigidana yakan tuna mana 2007, da ruwan madatsar Akosombo mai ba da wuta ya ja baya aka yi ta rabon wuta. Damina ba ta da tabbas kamar da, amma rana ba ta fashi a rufin kwanonmu. Janareta kuwa na sayar da ita, hayaƙi da kuɗin fetur suka tafi tare, jikata mai asma ta samu barci.

Da hunturu hazo kan rufe faranti. Ki sa yaro ya hau da sassafe, kafin gilashin ya yi zafi, da ruwa da tsumma mai laushi, sau ɗaya a mako.