Kurakuran Git da suka fi tayar wa masu rubuta manhaja hankali, da gyaransu

Tun 2005 da Linus Torvalds ya ƙirƙiri Git, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen da aka yi wa fayiloli, domin aikin Linux, ramukan da masu rubuta manhaja ke faɗawa kusan iri ɗaya ne. Kafin ka buga kowane umarnin gyara, ka tambayi kanka: abin nan yana kan kwamfutata kaɗai, ko na riga na tura shi ma'ajiyar intanet kamar GitHub? Amsar ce za ta nuna maka hanya.

Wanda ya fi sa gaban mutum faɗuwa shi ne ya buga `git reset --hard`, ya duba ya ga aikin kwana uku babu shi. Kwantar da hankalinka. In dai ka taɓa yi masa komit, wato ka adana shi a tarihin Git, yana nan. `git reflog` zai jero maka duk inda ka taka. Nemo lambar komit ɗin, ka buga `git branch ceto` tare da lambar, sai aikin ya dawo a sabon reshe (branch, wato layin aiki na daban) mai suna `ceto`. Git kan riƙe komit ɗin da ya rasa reshe kimanin kwana 30, don haka kada ka yi sanya. Abin da ba ya dawowa shi ne canjin da ba ka taɓa yi wa `add` ko komit ba. Shi ya sa nake matsa wa masu koyo su riƙa yin komit ƙanana a kai a kai, ko da aikin bai kammala ba.

Da yawa daga irin wannan asara daga `git checkout` take, domin umarni ɗaya ne mai aiki biyu: sauya reshe, da goge canjin fayil. A 2019, Git 2.23 ya raba su, `git switch` na reshe, `git restore` na fayil. Ka saba da su, amma ka tuna `restore` ma gogewa yake yi ba tare da tambaya ba.

Tura sirri ya fi duka muni. Wani ya haɗa da fayil ɗin `.env` mai ɗauke da mabuɗin API ko kalmar sirrin rumbun bayanai, ya tura GitHub, da ya farga sai ya goge fayil ɗin a komit na gaba, ya ɗauka shi ke nan. Ba shi ke nan ba. Fayil ɗin na nan a tarihi, kuma akwai manhajojin da aikinsu kawai laluben irin waɗannan mabuɗai a ma'ajiyoyin da ke buɗe. Turawa kamar magana ce, zarar bunu. Abu na farko shi ne ka soke mabuɗin ka fitar da sabo, nan take. Wanke tarihi da `git filter-repo` daga baya ne. Sa sunan fayil a `.gitignore` kuwa, wato jerin abubuwan da ake so Git ya ƙyale, ba ya hana Git bibiyar abin da ya riga ya shiga. Sai ka buga `git rm --cached .env`.

Sai `git push --force` a reshen da kuke aiki tare da wasu. Yana iya shafe komit ɗin abokin aikinka ba tare da ka sani ba. In kuskuren ya riga ya isa ga mutane, `git revert` ne daidai: sabon komit da ke warware tsohon, tarihi bai taɓu ba. In reshenka ne kai kaɗai kuma tilas ka sake rubuta shi, yi amfani da `--force-with-lease`, wanda zai ƙi turawa idan wani ya ƙara abin da ba ka jawo ba. Haka `git commit --amend`: yana da kyau wajen gyara saƙo ko ƙara fayil da aka manta, amma kafin turawa.

Idan ka yi komit a babban reshe, `main`, alhali sabon reshe ka nufa, kuma ba ka tura ba, buga `git branch sabon-aiki` tukuna, ka tabbata babu canjin da ke rataye, sannan `git reset --hard HEAD~1`.

GitHub ya daina karɓar kalmar sirrin asusu wajen turawa tun 13 ga Agusta 2021, sai token (lambar izini da GitHub ke bayarwa) ko mabuɗin SSH. Yana kuma ƙin fayil ɗin da ya haura MB 100. Irin wannan sai Git LFS, ƙarin da aka yi wa Git domin manyan fayiloli. Shi kuwa `node_modules`, folda da Node.js ke tara ɗakunan karatun manhaja da aka sauke, sa shi a `.gitignore` tun kafin komit na farko.