Yadda za ka gane besbol a finafinan yaran Amurka

Finafinan nan na yaran Amurka lokacin dogon hutu, wallahi in ba ka san besbol ba rabin daɗin ya wuce ka. Kafin ku zauna kallo riƙe wannan: kowace ƙungiya mutum 9, wani na jifa wani na dukan ƙwallo da sanda, mai dukan ya kuskure sau 3 ya fita, mutum 3 suka fita sai a yi canji ƙungiyar masu jifa ta koma duka, in kuwa mai dukan ya maka ƙwallon ta haye katanga ya zagaye tashoshi 4 abinsa, maki ya shiga. Sauran dokokin ƙyale su kawai. Ka dinga lura da yaron da aka tura can ƙarshen fili, safar hannu ta masa yawa, ƙwallo na saukowa yana runtse ido, yawanci shi ne baƙon unguwar.