Yadda ake komawa gida bayan babban gyara ba tare da an bar baya da ƙura ba

Wanda ya yi watanni yana raɓe a gidan 'yan'uwa, ranar da magini ya ce masa "Alhaji, aiki ya ƙare" so yake ya kwaso kaya a daren. Dakata tukuna. Kada ka biya cikon kuɗin aiki sai ka gwada gidan da kanka. Tun wajen ciniki ya kamata a yi magana cewa wani kaso, ko da 10 cikin 100 ne, sai bayan gwaji. In ka sallami ma'aikaci kakaf ya kama wani aikin a Pitoa ko Guider, wayarka ma da ƙyar zai ɗauka.

Fara da ruwa, don shi ne ke tona asirin aikin ha'inci. Buɗe kowane famfo, sannan ka rufe su duka ka je ka tsura wa mitar kamfanin ruwa na Camwater ido. In tana motsi alhali ba mai ɗiba, akwai bututun da ke yoyo a bango ko ƙarƙashin daɓe. Sheƙa bokiti guda a banɗaki ka gani: ruwan ya nufi magudana, ko ya kwanta a lungu? In da rani ne, sa yaro ya hau sama ya jiƙa kwanon da kyau, kai kana ciki kana kallon silin. A duba ƙusoshin rufin ma, domin iskar farkon damina a Garwa ba ta raga wa kwanon da aka buga da ganganci.

Sai wuta. Bi kowane soket da cajar waya. Kunna fanka da firij da dutsen guga lokaci ɗaya, ka taɓa makunnai ka ji ko akwai mai ɗaukar zafi.

Bango ne ke yaudarar mutane. Siminti, na Figuil ne ko na ina, sai ya yi kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake auna shi da shi, kuma zafin Maris da Afrilu saman filasta yake busarwa, ciki na nan da danshi. Manna leda a bango da salatif, ka toshe gefunanta, ta kwana. In ka tarar da raɓa a cikinta da safe, kada a jingina kabad a wurin, in ba haka ba fenti ya kumbura ya ɓanɓare. Tayil kuwa, ƙwanƙwasa shi da tsabar kuɗi; wanda ya yi amon holoƙo, a cire a sake.

Wajen shara a yayyafa ruwa, a fara daga sama zuwa ƙasa. Guntayen katako kada su kwana jikin gini, gayyatar gara ce. A tsince ƙusa da guntun rodi kafin yara su shigo ba takalmi. Ragowar tayil da gwangwanin fenti a adana, don wata rana samun irinsu a kasuwa wuya zai yi.

Kayan madafa da na ɗakin kwana guda su fara shiga, uwargida ta yi jerenta a tsanake. Jarirai da tsofaffi da masu asma su jira sai warin fentin mai ya fita, tagogi a buɗe.

Kwashe yashin da ka tare wa maƙwabta hanya da shi, ka yashe kwatar da siminti ya toshe, ka bi su gida gida da godiya da ban haƙuri. Daga nan ka kira magini a gaban shaida, ku bi gyare-gyaren da ka lissafa masa ɗaya bayan ɗaya, ka biya shi cikonsa, ka karɓi makullai. Kwaɗon ƙofar gida kuma a canza shi a ranar, hannaye da yawa sun riƙe makullin tsohon.