Yadda za ka bambance "boring" da "bored", da wasu tarkunan siffa a Turanci

Bayan la'asar nake koyar da Turanci a zauren gidanmu da ke Gwammaja, ga yaran da za su zauna WAEC da NECO da JAMB. Kowane ɗayansu ya san ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci, don haka suna zuwa da gaske. Amma akwai kuskure ɗaya da nake cin karo da shi kusan kowace shekara, a hannun masu ƙoƙari da marasa ƙoƙari baki ɗaya.

Wata yarinya mai hazaƙa, na sa su rubuta wasiƙa a kan yadda suka yi hutu, sai ta rubuta: "I am boring at home." Na kira ta na ce, "Me kike nufi a nan?" Ta ce, "Malam, zaman gida ne ya gundure ni." Na ce, "To abin da kika rubuta shi ne ke ce mai gundurar mutanen gida." Ta riƙe baki. Abin ya dame ni, domin tunaninta daidai yake, haruffa uku ne kawai suka juya mata magana.

Ga yadda nake warware wannan. Turanci yana ɗauko aikatau ya mayar da shi siffa ta hanya biyu: ko a liƙa masa ɗafa-ƙeya "-ing", ko a liƙa masa "-ed". Kada ka ɗauka wannan wani baƙon abu ne, mu ma muna yi. Daga dafa muna samun dafaffe, daga soya soyayye, daga gasa gasasshe. Soyayyen nama shi ne "fried meat", dafaffen ƙwai "boiled egg". Duk abin da aka yi wa aiki, aikin ya sauka a kansa, shi ke ɗaukar "-ed". Ka je wurin mai shayi ka duba tukunyarsa: ruwan da ke kan wuta yana ɓararraka "boiling water" ne, wanda ya riga ya tafasa aka juye a fulas kuwa "boiled water", wato tafasasshen ruwa.

Inda ake faɗuwa shi ne kalmomin da suka shafi abin da zuciya ke ji. A nan dabarata ita ce ka fara faɗar maganar da Hausa a ranka. In ka ji "mai ban" ya shigo, ko wani abu mai kama da shi, to "-ing" kake buƙata. Mai ban tsoro, "frightening". Mai ban mamaki, "surprising". Mai ban sha'awa, "interesting". Mai ban haushi, "annoying". Mai gajiyarwa, "tiring". Mai rikitarwa, "confusing". In kuwa abin da ya zo bakinka shi ne na tsorata, na yi mamaki, na gaji, na rikice, to kai ne abin ya sama, sai ka ce "I am frightened", "I am surprised", "I am tired", "I am confused".

Ka gwada da abin da ka sani. Ka hau adaidaita sahu daga Kurna zuwa Kasuwar Kwari cikin cunkoso da rana tsaka. Tafiyar ita ce mai gajiyarwa: "The journey was tiring." Kai da ka sauka jiki duk ya mutu: "I was tired." Ka je kallon Hawan Daushe a Ƙofar Kudu, dawakai da algaita da bindigogin gargajiya: "The durbar was exciting, and we were excited." Jimla ɗaya, kalma biyu daga tushe ɗaya, kowace na tsaye a gurbinta.

Akwai wata ƙa'ida da na ji ana ba yara, wai mutum "-ed" yake ɗauka, abu kuma "-ing". Ban yarda da ita ba, kuma ina roƙon abokan aikina su daina koyar da ita. Mutum ma yana iya zama mai ban sha'awa ko mai ban haushi. "My grandfather is an interesting man" daidai ne, kakan ne ke sa a ji daɗin hira. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: wa ya jawo abin, wa kuma abin ya sama? Ka kuma lura ba duka ne ke ƙarewa da "-ed" ba. Karyayyiyar kujera "a broken chair" ce, rubutacciyar wasiƙa "a written letter". Waɗannan sai hadda.

Abu na biyu ya fi sauƙi, amma shi ma daga Hausarmu yake tasowa. Mu muna cewa yana da tsawo, tana da kyau, ina jin yunwa. Sai yaro ya kwashe "da" ɗin nan ya kai Turanci, ya rubuta "he has tall". Siffa a Turanci da "am", "is", "are", "was", "were" take tafiya: "He is tall", "I am hungry", "They were afraid". Wasu kuma in sun koyi wannan sai su wuce gona da iri, su ce "I am agree". A'a, "agree" aikatau ne, yana iya tsayuwa da ƙafarsa: "I agree." Sannan siffar Turanci ba ta sauya kama. Mu muna da farin doki, farar riga, fararen kaya, su kuwa "white" ce kawai ko abu ɗaya ne ko ɗari.

Kalmar "ji" ma tana jefa mu cikin rami. Da ita muke jin magana, mu ji ƙamshi, mu ji ɗanɗano, mu ji sanyi. Turanci ya raba su: "hear", "smell", "taste", "feel". Kada ka ce "I am hearing the smell". Kuma bayan "look", "smell", "taste", "feel", "sound" da "seem", in kana siffanta abu ne, siffa ke biyo baya, ba kalma mai "-ly" ba. "This kilishi tastes good." "She looks happy." In ka ce "she looks happily", mai gyaran takarda zai ja maka jan biro.

Na uku shi ne wanda na fi ɓata lokaci a kansa da 'yan JAMB. Siffofi da yawa suna da 'yar ƙaramar kalmar da ba sa rabuwa da ita, kamar tif da taya: "good at", "interested in", "tired of", "afraid of", "fond of". Kada ka haddace siffar ita kaɗai, ka haddace ta da abokiyar tafiyarta. In aikatau ya biyo bayan 'yar kalmar nan, dole ya ɗauki "-ing": "She is good at sewing", "I am tired of waiting", "He is afraid of failing". Wasu siffofin kuma "to" suke ja, sai aikatau ya zo tsurarsa: "ready to go", "easy to learn", "happy to see you".

Sai tarkon "used to", wanda na sha ganinsa a tsofaffin takardun tambayoyi. "I used to wake up early" ma'anarsa da ina tashi da wuri, yanzu na daina. "I am used to waking up early" ma'anarsa na saba da tashi da wuri. In ka ga "am" ko "is" ko "are" kafin "used to", kuma maganar sabo ake yi, to aikatau ɗin da zai biyo baya "-ing" zai ɗauka.

Aikin da nake ba yarana shi ne su sayi littafi mai fallaye 40, su raba kowane shafi gida biyu. A hagu su rubuta abin da ya jawo, a dama abin da suka ji. Kullum bayan isha'i jimla uku, daga abin da ya faru da su a ranar: an ɗauke wuta ana tsakar karatu, "The blackout was annoying, I was annoyed", malamin lissafi ya yi bayani da sauri, "The lesson was confusing, I was confused". Su karanta da ƙarfi ƙannensu na ji, domin kunne yana kama abin da ido ya tsallake. Ranar Asabar su kawo min littafin, mu zauna a kan tabarma mu bi shafukan ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya sa "-ing" a gurbin "-ed" sai ya faɗa mana da Hausa abin da jimlarsa ke nufi kafin ya gyara.