Kafin ka biya kuɗin makarantar kiwon lafiya

Na daɗe ina aiki a wani asibitin sha-ka-tafi a ƙasar Argungu, kuma duk shekara, da zarar sakamakon WAEC da NECO ya fito, maƙwabta sun dinga sallama ke nan: "Malam, wace makaranta zan kai yarinyar nan ta yi CHEW?" Wato kwas ɗin ma'aikatan kiwon lafiyar al'umma. Ba na zaɓar wa kowa makaranta. Abin da nake cewa shi ne ka sa takalminka ka je da ƙafarka, ranar aiki, ba tare da ka sanar ba.

Fara da takardar izini. CHEW shekara 3 ne, JCHEW, wato ƙaramin matakinsa, shekara 2, kuma CHPRBN, hukumar rajistar ma'aikatan lafiyar al'umma wadda aka kafa a 1992, ita ce ke shirya jarrabawar ƙasa ta ba da lasisi. Kowane kwas da hukumarsa: gwajin jini na MLSCN ne, haɗa magani na PCN. Makaranta tana iya samun izinin ɗaya ta rasa na ɗayan, alhali duk an rubuta su a allon bakin ƙofa. Ka ce a nuna maka takardar kwas ɗin da ɗanka zai yi, ka duba kwanan wata, ka duba ɗalibai nawa aka yarda su ɗauka.

Wannan adadin shi ne inda ƙaya take. Ɗan yayata ya shiga wata makarantar kuɗi mai ƙaton get da fenti sabo. Ubansa ya sayar da shanun noma biyu. Ashe sun ɗauki ɗalibai fiye da ƙima, ba a tura sunansa hukuma ba, bai samu lambar indes ba, wato lambar rajistar da hukumar ke ba ɗalibi don ya zauna jarrabawarta. Ya ƙare karatu lafiya lau, har da hoton yaye ɗalibai a bangon ɗakin uwarsa, amma jarrabawar ƙasa ta wuce shi. Yanzu yana tsaron kemis ɗin wani. Saboda haka ka tambayi ɗaliban aji 2 kai tsaye: an ba ku lambarku?

Daga nan ka bar ofis, ka nemi ɗakin koyon aiki. Idan sai an yi cigiyar mabuɗi, ƙura ta rufe gadon gwaji, ma'aunin jarirai yana cikin ledarsa, to na nuna wa baƙi ne. Ni dabarata guda ce: in kira ɗalibar shekarar ƙarshe in miƙa mata hannu in ce, "'Yata, auna mini jini." Wadda ta saba za ta zaunar da ni in huta tukuna, ta naɗe hannun rigata, ta ɗaura abin sama da gwiwar hannu, ta lalubo jijiya da yatsu kafin ta sa abin sauraro. Wadda allo kawai ta sani, hannunta zai yi rawa ta fara waige-waige. Sai in ce ta nuna mini littafinta na Standing Orders, wanda muke bi wajen duba mara lafiya. In ya tsufa ya sha yatsa, hankalina ya kwanta.

Tambayi kuma inda ake tura su aikin asibiti. Zuwa babban asibiti irin Sir Yahaya a Birnin Kebbi yana da amfani, amma aikinmu na karkara ne: awon ciki, rigakafi, zazzaɓin cizon sauro, yaro mai gudawa. Ɗalibin da bai taɓa zama a ƙauye ba, da saura. Buɗe littafin aikinsa ka gani. In duk sa hannun biro ɗaya ne, rana ɗaya aka cike shi.

Malamai kuwa, ka ji ko na dindindin ne ko masu leƙowa ranar Asabar.

Waɗannan tambayoyin ba na makarantun kuɗi kaɗai ba ne. Ko ta gwamnati da ke Jega za ka kai ɗanka, ko ta Tsafe a Zamfara, yi su. In ka gamsu, ka biya ta banki a asusun da ke ɗauke da sunan makarantar, kar ka ba wani a hannu, kuma ka adana rasit har ranar da lasisi ya fito.